Shekarar da Na Ɗaure Tocila Cikin Leda

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da ya shimfiɗa teku ya ɓoye a ƙarƙashinsa abin da ya so, ya halicci haske ya ba kowane wuri gwargwadon rabonsa, bai nemi shawarar ɗan kasuwa ko ta malami ba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har ranar da za a bayyana kowane abu da launinsa na gaskiya.

Bayan haka, ya ku 'ya'yana da jikokina, labarin tocila da leda ya iso kunnena ta ruwayoyi uku. A ruwayar waɗanda ke Kano, wai na faɗa teku da babbar riga aka tsamo ni da ƙugiya. A ruwayar jikokina na nan Dubai, wai na makantar da kifaye. Ta ukun ita ce ta mahaifiyarku Hajiya Rabi, kuma ita ce mafi inganci, domin ganau ce a kan rabin al'amarin. Aibinta guda ne, takan tsaya daidai inda aka gama dariya. Ni kuwa ina so in kai ku gaba da nan kaɗan. Ban faɗa teku ba. Ban makantar da kowa ba, gwargwadon sanina. Sauran kuwa ya faru.

Shekara ashirin da wani abu na yi da shago a Deira, cikin wani lungu na Al Buteen, inda in ka tsaya a bakin ƙofa kana jin tarin injin abra, kwale-kwalen da ke tsallakar da mutane. Sarin tocila nake yi da fitilun caji. Mutanen Kano da na Maraɗi da na Kumasi su zo su zaɓa, a ɗaure katan, a kai wa masu kago, wato masu jigilar kaya zuwa gida. Bayan La'asar in sauke ƙofa rabi, a shimfiɗa darduma tsakanin katan-katan, in karantar da fiƙihu ga duk wanda ciniki ya gajiyar. Saboda haka abu biyu nake jin babu mai koya mini su a garin nan: ruwa da haske. Babin ruwa na karantar da shi har ban san adadi ba, wanda launinsa ya jirkita da wanda bai jirkita ba, wanda ya halatta a yi tsarki da shi da wanda sai dai a ba jaki. Haske kuwa a tafin hannu nake auna shi. Ƙa'idata ɗaya ce, kuma daga masu sayayyata na gaje ta: tocilar kirki ita ce mai tsukakken haske kamar mashi, wadda za ta kama idon kura daga wancan ƙarshen gona. Maigadi haka yake so, makiyayi haka, maharbi haka. A tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa dawo mini da tocila ya ce ta cika hangen nesa.

Mujittaba shi ne namiji ɗaya a cikinku, kuma tun yana ƙarami na rataya masa makullin shagon nan a zuciyata. Da ya koyi iyo ban hana ba, domin magabata sun kwaɗaitar a koya wa 'ya'ya. Daga iyo ya koma nutso, irin wanda ake goya tukunyar iska a baya a sa takalman agwagwa. Daga nan ya sayi kyamara ya rufe ta cikin akwatin da ruwa ba ya shiga. Shago bai taɓa fashin zuwa ba, amma gangar jiki ce kawai ke zuwa. In baƙo ya tambaye shi wace tocila ce ta fi riƙe caji, sai ya amsa daidai, sannan ya ƙara masa da labarin kunkurun ruwa wanda ba a tambaye shi ba.

A shekarar da nake magana, wani kamfani mai dashen murjani a ƙarƙashin teku ya nemi mai ɗaukar bidiyo guda ɗaya, wanda zai riƙa nuna wa masu ɗaukar nauyin aikin cewa abin da aka dasa yana raye. Ni ban ma san ana dasa murjani ba, na ɗauka Allah ke shuka abinsa. Aka ba Mujittaba gwaji na safiya biyu, Asabar da Lahadi, aka ce kowa ya zo da kayansa. Ya same ni bayan karatu ya durƙusa tsakanin katan.

"Baba, in sun ɗauke ni, ina neman izini."

"In ba su ɗauke ka ba fa?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon darduma.

"To ga sharaɗi," na ce. "In sun ɗauke ka, na sallame ka da albarka. In ba su ɗauke ka ba, ka ajiye kyamara ka karɓi makulli, kuma kada in sake jin labarin kunkuru a shagon nan."

"To, Baba."

Abu ɗaya ya rage masa, fitilu. Ya ce in raka shi wani shagon kayan nutso, tunda ni ne masanin haske a gidan. Yanzu na gane girmamawa ce kawai, irin ta mai kai dattijo wajen neman aure don ya zauna ya yi shiru. A lokacin kuwa na ɗauka fatawa aka zo nema. Mai shagon wani Bamisire ne mai fara'a. Ya fito da fitilu biyu gajeru masu kauri kamar gwangwanin madara, kowace a kan hannu mai gaɓoɓi kamar ƙafar fara. Ya kunna ɗaya. Haske ya bazu ko'ina, lallausa, babu tsakiya babu gefe, kamar an zuba kunu a faranti. Na leƙa ƙofa na ga ko bangon tsallaken titi bai taɓa ba.

Na sa hannu a aljihu na ciro tawa, wadda ba na rabuwa da ita. Na kunna na nufi benen da ke can tsallake. Da rana tsaka, sai ga ɗigon haske a jikin tagar wani bawan Allah a hawa na huɗu.

"Wannan ita ce fitila," na ce masa da Larabcin littafi, wanda nake alfahari da shi.

"Ma sha Allah, ya Hajj," ya ce. "Ta tudu ce. Ruwa daban, shwaiya shwaiya, bi a hankali in yi maka bayani."

Ban tsaya jin bayani ba. Mutumin da ke sayar da haske marar nisa a kan tsada, me zai bayyana mini? Na ce wa Mujittaba mu tafi, akwai abin da ya fi wannan a shagonmu katan guda.

"Baba, namu ruwa zai shige su."

"Wannan kuma aikin leda ne."

"To, Baba."

Ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci na zauna a falonmu na Al Nahda na yi aikin da hannuna. Na zaɓi manyan tociloli biyu, irin waɗanda maharba ke rububi. Na karɓi robar tiyub daga masu tura amalanke na Deira, na yanka ta tsiri-tsiri. Leda kuwa babu mai kauri a gidan sai waɗanda Hajiya ke ajiye daddawa da kukar da ake aiko mata daga Kano. Na juye mata kayanta a kwano, na kakkaɓe ledojin, na sa kowace tocila cikin guda uku, na ɗaure baki da roba ɗaurin da ko aljani ba ya kwancewa. Sannan na cika bokiti a banɗaki, na nutsar da su a kunne, na danne da turmin ƙarfe. Har aka kira La'asar suna ci.

Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa, kwanon daddawarta a hannu.

"Malam, teku fa ba bokiti ba ne."

"Ruwa ruwa ne, Hajiya. Abin da ya tabbata ga kaɗan ɗinsa ya tabbata ga mai yawansa."

"To Allah ya sa kifin ma ya yi karatun."

Wannan shi ake kira ƙiyasi tare da bambanci, kuma da ɗalibina ne ya yi shi da na tsawata masa a gaban jama'a. Amma ban tsaya nan ba. Na ɗauki tocilolin na ɗaure su a saman akwatin kyamara, manne da idonta, kamar yadda maharbi ke ɗaura tasa a goshi. Mujittaba ya ce, cikin murya ƙasa-ƙasa, masu wannan aiki sukan nisanta haske daga idon kyamara, ɗaya dama ɗaya hagu. Na ce masa ido da haske tare suke tafiya, wanda ya raba su ya raba mata da miji. Ya ce to. Da ya fita, Hajiya ta ajiye kwanon.

"Ka ji wannan 'to' ɗin kuwa? Irin tasa ce ranar da aka kai shi cire haƙori."

Na ce mata biyayya ce, kuma biyayya ba ta taɓa ɓatar da ɗa ba.

Asabar da hantsi muka shiga jirgin kamfanin. Na nace sai na je, domin mai sana'a ba ya barin aikinsa ya tafi gwaji shi kaɗai. Aka ɗaura mini rigar ceto mai ruwan lemo a kan babbar riga, ga jar darata a ka, wadda malamina ya ɗora mini da hannunsa ranar da ya ba ni izinin karantarwa. Shugabar aikin wata Basudaniya ce, masaniyar halittun ruwa, kowa Dokta yake ce mata. Ta gaishe ni da ladabi, ta dubi ƙullin ledar da ke kan kyamara, ta dubi Mujittaba, ta buɗe baki, ta sake dubana, ta rufe. Na ɗauki wannan a matsayin sha'awa.

Mujittaba da sauran masu nutso suka yi addu'a suka faɗa da baya kamar kwaɗi. Wurin zurfinsa gaba takwas ne da ma'aunin masu haƙar rijiya. Ni kuma na zauna da cazbi, jirgi yana rausaya, kunun da na sha yana neman hanyar komawa inda ya fito. Bayan kusan sa'a guda suka ɓullo. Tocila ɗaya ta mutu, ledarta cike da ruwa tana reto kamar ƙullin koko. Mujittaba ya ce nauyin ruwa ne ya matse ta har ya sami ƙofa. Hajiya har gobe tana cewa ƙananan kifaye ne suka ji daddawa suka ciccije ledar, kuma lalle akwai 'yan ɓuli a jikinta. Allah ne masani. Ɗayar tana raye, na yi hamdala na ce rabi ya tsira.

Aka buɗe ɗan allon kyamara a inuwar rumfa muka duƙa. A tsakiyar hoton akwai farar da'ira mai ƙuna kamar an huda takarda, babu abin da ake gani a cikinta. Kewayenta kuwa ɗige-ɗige farare suna ta yawo, kamar mata goma suna sheƙar gero a gaban kyamara. Can bayansu ga murjani, toka-toka mai ratsin kore, kamar kashin shanun da ya kwana biyu. Wani kifi ya leƙo, haske ya doke shi, ya juya da saurin wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta.

Dokta ta yi ajiyar zuciya.

"Duk wanda ya ga wannan zai ce dashenmu ya mutu," ta ce. "Mujittaba, hannunka ba ya rawa, ka iya bin kifi. Amma wa ya zaɓa maka waɗannan fitilu?"

"Ni ne, Dokta," ya ce, bai ko dubi inda nake ba.

Na ji wannan amsa ta shiga ta zauna mini a ƙirji, amma girman kai ya fi ta sauri. Na ce laifin ba na tocila ba ne, ruwan ne ke da dauɗa, kuma wataƙila murjanin dama haka launinsa yake. Dokta ta ce a'a, ya Shaikh, ja ne da ruwan goro da shunayya, teku ne ke shanye ja tun daga 'yan gaba na farko, sai an kai haske kusa da abu ake mayar masa da launinsa. Na ce wannan da'awa ce, kuma mai da'awa shi ke kawo hujja. Shekara arba'in ina karantar da abin da ke canza launin ruwa, ban taɓa cin karo da inda ruwa ke canza launin abu ba tare da ya rina shi ba. Na cire jar darata na miƙa.

"Ga shaida. Kowa ya ga ja ce. A kai ta ƙasa a tambaye ta."

Aka sa mata dalma a ciki aka ɗaure da igiya. Bayan sun huta, Mujittaba ya sake nutsawa da ita, Dokta ta bi shi da 'yar fitilarta guda ɗaya da take duba aiki. Na zauna kai babu hula, rana tana karanta mini nata babin a kan sanƙo. Da suka fito aka nuna mini hoto uku. Na farko babu fitila: wata baƙar hula mai ratsin kore, irin wadda ko a gwanjo ba zan ɗaga ba.

"Wannan ba tawa ba ce," na ce.

"Baba, duba gefen hagu."

Na duba. Ga tabon tawadar da na ɗiga mata da kaina shekaru da suka wuce. Hoto na biyu da tocilata a goshin kyamara: farin rami a tsakiyar hula, da masu sheƙar gero sun dawo aiki. Na uku da fitilar Dokta, an riƙe ta can gefe, kusa da hular: ja jawur, har zaren tuntunta ana ƙirgawa, ruwan kuma garau kamar ba shi ne mai dauɗar ɗazu ba. Dokta ta ce ƙurar tana nan ba ta je ko'ina ba. In haske ya fito daga dab da ido sai ya doki ƙurar da ke gaban ido ta dawo da shi, in ya fito daga nesa da ido sai ya wuce ta bayanta ya sauka a kan abin da ake nufi. Shaidar da na kawo da kaina ta tsaya ta ba da shaida a kaina. Dokta ta ce gobe ce ta ƙarshe.

Muka kama hanyar gida a mota. Hular tana kan cinyata tana ɗiga. A nan ne, ya ku 'ya'yana, ruwayar mahaifiyarku takan tsaya, kuma daga nan ne tawa take farawa. Na lissafa a raina cewa in na yi shiru, yaron nan ba zai taɓa cewa a koma shagon Bamisire ba. Zai sake ɗaure leda gobe, ya sake cewa shi ne, ya dawo Litinin ya karɓi makulli, kuma babu wanda zai ce na zalunce shi, domin sharaɗi ne ya yarda da shi. Sai na tambayi kaina tambayar da nake gudu tun ranar da muka fita daga shagon nan: shin ƙin jin bayanin da na yi, don na yarda da tocilata ne kawai, ko kuwa akwai wani abu a ƙasan zuciyata da yake son ta gaza? Na duba, kuma na same shi yana nan zaune. Ban ɗaure ledar nan da nufin cuta ba, Allah shaida ne. Amma da ta ɓule, wani ɓangare nawa bai yi baƙin ciki ba.

Muka isa gida bayan Azahar. Hajiya ta dubi sanƙona da ya yi ja, ta dubi hular, ta dubi ɗanta. Ya gaishe ta ya wuce ɗaki.

"Ya aka yi?"

"An yi gwaji."

"Wa aka gwada?"

Na miƙa mata jiƙaƙƙiyar darata. Ta karɓi hular ta matse a kwano.

"Malam, kai kake faɗa wa mutane cewa 'ban sani ba' rabin ilimi ne. Shekara talatin da biyar ina jira in ji wannan rabin daga bakinka."

Na yi alwala na yi raka'a biyu. Sannan na ƙwanƙwasa ƙofar Mujittaba. Na same shi zaune da sababbin ledoji a gabansa, yana yanka roba.

"Ajiye wannan," na ce. "Ban san hasken ruwa ba. Tashi ka kai ni wajen wanda ya sani."

Bamisiren nan, Allah ya saka masa, bai tuna mini da tagar hawa na huɗu ba. Na nemi kujera na zauna a gabansa da takarda da alƙalami kamar yadda na zauna gaban malamaina. Ya ce a ruwa ba a neman nisa, domin ko wace irin fitila ce ruwa yana cinye ƙarfinta a cikin kamu kaɗan, don haka mai ɗaukar hoto shi ke matsawa, ba haske ke tafiya ba. Ya ce a zaɓi mai faɗin haske, wanda ya yi daidai ko'ina babu zafi a tsakiya, kuma guda biyu iri ɗaya don ɗaya ta cike inuwar ɗaya. A buɗe hannayensu dama da hagu, a ɗan karkata su waje, ta yadda gefen hasken ne zai haɗu a kan abin, ba tsakiyarsa ba. A duba zurfin da aka rubuta a jikinta, a duba tsawon lokacin da batir ke ci. A rage ƙarfi ga kifi mai kunya. Kada a daɗe da ita a kunne a tudu, domin ruwa ne ke sanyaya ta. Kada a haska fuskar abokin nutso. Duk abin da na sani ya juye mini shi, kamar mai karanta allo daga ƙasa.

A ƙarshe ya kwance bayan fitilar ya nuna mini wani siririn zobe na roba. Ya ce duk tsadar fitila a kan wannan ta dogara. Kafin kowane nutso a ciro shi, a goge, a shafa masa ɗan mai, a duba. Gashi ɗaya in ya kwanta a kai, ruwa ya sami ƙofa.

"Wannan kamar lam'a ce a alwala," na ce. "Wuri kaɗan in bai samu ba, duka ta ɓaci."

"Khalas, shi ke nan, ya Hajj," ya ce. "Ka gane."

Na biya kuɗin fitilun nan biyu muka dawo da su gida. Lahadi bayan sallar Asuba na ce ni zan duba zobban. Idon da ya saba da ƙananan rubutun gefen littafi ba a raina shi. Na farko lafiya. A na biyu na ga gashi guda kwance, na ɗaga shi a gaban taga da alfahari na ce ku duba abin da ya kusa halaka mu. Hajiya ta matso ta ƙura masa ido.

"Fari ne," ta ce. "Kuma mutum ɗaya ne mai farin gemu a gidan nan."

Na sake shiga jirgin, wannan karon da rawani. Da suka fito, Dokta ta kalli allon, sai ta juyo mini da shi. Na ga gona a ƙarƙashin ruwa. Ja irin na murjanin da mahaifiyarku ta zo da shi gidana, da ruwan goro, da shunayya, rassa suna rausaya, ƙananan kifaye masu zane suna shiga suna fita ba wanda ya tsorata. Wannan duka yana nan jiya, irinsa yana nan tun kafin a haife ni, ni ne na aika masa da mashi. Na yi ta tasbihi. Dokta ta ce wa Mujittaba ya zo ofis Litinin da fasfonsa. Ya juyo ya dube ni, kuma na ga har a lokacin jira yake.

"Na sallame ka," na ce. "Da albarka."

Abin da ya biyo baya kun san shi. Shagon na riƙe shi iyakar ƙarfin gwiwata, sannan na miƙa shi ga wani ɗalibina ɗan Maraɗi, kuma ranar da na ba shi makullin ban ci abincin rana ba. Ba zan ce muku bai yi ciwo ba. Labarin kuma ya riga ni isa Deira, har yau akwai masu kago da in sun ce Malam Mai Leda ni suke nufi, ina amsawa. Hular ta ƙanƙance da gishiri, ba ta ƙara shiga kaina ba. Ita ce kuke gani a saman kantar littattafai, kuma kada kowa ya wanke ta.

Ga abin da na kawo ku nan dominsa. Kun taso kuna jin ana yi muku wa'azin biyayya, daga bakina ma kun ji, kuma gaskiya ne. Amma babu wanda ya yi mini wa'azin nauyin da ke kan wanda ake yi wa ita. Ɗana ya kusa binne abin da Allah ya ba shi a cikin leda uku, ya kuma ɗauki laifin a gaban baƙuwa, don kawai kada a ce mahaifinsa bai sani ba. Yanzu ku ne iyaye. In ɗanku ya ce muku "to" yana kallon darduma, kada ku haska shi daga inda kuke zaune. Ku tashi ku matsa kusa, ku tsaya a gefensa, ku sake tambaya.

Har yanzu in Mujittaba zai yi tafiyar aiki yakan biyo da fitilunsa in duba masa zobban. Na san ya riga ya duba su a gida. Shi ma ya san na sani. Ina dubawa, gemuna a naɗe cikin rawani.

Allah ya gafarta mini abin da na yi da sani da wanda na yi da zaton sani. Ya yi wa mahaifiyarku albarka, ya mayar mata da ladan daddawarta. Ya tsare masu nutso a cikinku da masu tafiya a tudu, ya sa haske a gidajenku da gidan duk wanda ya karanta wannan, irin hasken da ke kusantowa ba wanda ke korar na kusa ba. Amin.